Jita Mai Wutsiya

Rediyon Inna Rakiya ce ta haɗa su, Allah ya yi wa rediyon nan albarka. Tsohuwa ce tukuf, har murfin batirinta da roba aka ɗaure shi. Wata safiya ta yi shiru, Inna ta ce ita ba ta iya wuni babu ita. Shi ne ta aiki ɗiyarta Madina Ƙofar 'Yandaka, wurin wani saurayi mai gyaran rediyo da lasifika da ake ce wa Sada.

Tun kafin Madina ta kai bakin shagon ta ji wani kuka mai kauri yana fitowa daga ciki, har ƙofar langa-langa tana karkarwa. Sai ya faro daga sama, ya gangaro ƙasa, ya sake tasowa. Ita kuwa ɗiyar mahauci ce, ta tashi tana jin kukan shanu a ƙofar gidansu.

"Salamu alaikum," in ji ta tana leƙe. "Wai wa ya ɗaure bajimi a shagon lantarki?"

Sada ya ɗago kai. Dogo ne siriri, da wata doguwar jita a cinyarsa. Ya tsaya kallonta har ya manta da sallamar, sai da ta maimaita.

"Wa'alaikumus salam. Ba bajimi ba ne, jita ce. Bas ake ce mata, ita ke riƙe ƙasan waƙa."

"To, wannan wutsiyar fa?" Ta nuna wani siririn ƙarfe lanƙwasasshe da ke gindin jitar, inda wayoyinta huɗu masu kauri suka ƙare.

Sada ya yi dariya. "Tiremolo sunansa. Ba kowace bas ke da shi ba, ni na saya na ɗaura mata da hannuna. Kin ga, in na ja waya na danna shi, sai wayoyin su saki, murya ta sauka. In na ɗaga shi su ɗame, ta hau. In na sake shi kuma, akwai sifirin a ciki da ke mayar da shi wurinsa."

Ya gwada mata. Madina ta karkatar da kai tana saurare, rediyon tana rungume a ƙirjinta.

"Kalangu take son yi," in ji ta, "amma ba ta iya ba tukuna. Kana saurin sauka. Mai kalangu ba ya sakin murya haka kamar an yar da tulu. Raka ta yake yi."

Allah Sarki Sada! Wata da watanni yana zaune yana neman muryar kalangu a cikin jitar nan. Abokan kiɗansa na sitidiyo dariya suke masa, babu wanda ya taɓa gane abin da yake nufi, sai wannan yarinya da ta shigo da matacciyar rediyo.

"Wa ya koya miki?"

"Ba a koya mini ba. A gidan fawa aka haife ni, kalangu ai kiɗanmu ne."

Waya ɗaya ce tal ta cire a cikin rediyon, aikin da bai kai tafasar ruwan shayi ba. Amma Sada ya juya ta, ya girgiza kai, ya ce sai jibi, kuma ta bar lambarta ko da wani abu zai taso. Da yamma saƙo ya shigo wayar Madina:

"Salam. Sada ne mai bajimi. Rediyon Inna tana samun sauƙi, amma likita ya ce a zo dubiya gobe. Na gode da gyaran da kika yi mini yau. Ban taɓa samun kunne irin naki ba."

Ta karanta sau biyu, ta rufe baki da gyale, sannan ta mayar:

"Allah ya ƙara mata lafiya. Ka gaida bajimi, ka ce masa ya rage kuka."

Tun daga ranar bai sake kiranta da sunanta ba sai Kunnena. Ita kuma a wayarta Mai Bajimi ta rubuta.

Kun san yadda abin yake tafiya. Rediyo ta warke, aka koma fanka, daga fanka aka koma dutsen guga, har Inna Rakiya ta ce, "Ke Madina, kayan wutar gidan nan sun ƙare. In yaron nan mutumin kirki ne, ki ce shi zo ƙofar gida kamar kowa." Sada ya fara zuwa gidansu a Ƙofar Durbi bayan la'asar, su zauna a zaure, ta tambaye shi aikin shago, shi kuma ya kunna mata abin da ya kaɗa a waya ta yi ta kushe masa.

"Kunnena, yau ma ban ci ba?"

"Ka kusa. Amma ni ji kawai na iya. In da gaske kake, akwai wanda zan kai ka wurinsa."

Wanda ta kai shi wurinsa Baba Audu ne, makaɗin kalangun mahaifinta, Alhaji Babaji. A gidan fawa kowane babban mahauci da takensa, wato ɗan kiɗan da in an buga kowa ya san da wa ake. Baba Audu shi ya ƙirƙiro taken Alhaji Babaji tun suna samari, shi kaɗai kuma ke buga shi. Sai hawan jini ya kayar da shi, ɓarinsa na dama ya shanye, hannun da ke riƙe sandan kiɗa ya mutu. Aka rataye kalangu a bango. Alhaji Babaji bai taɓa fasa aiko masa da hatsi da nama ta hannun Madina ba, amma ƙafarsa ba ta sake taka gidan ba tun ranar da aka dawo da shi daga asibiti.

Tsohon ya dubi jitar nan sama da ƙasa. "Ɗiyata, mi kika kawo mini? Garaya ce ta yi ƙiba?"

Sada ya durƙusa ya gaishe shi, ya jona ƙaramar lasifikarsa mai batir, ya ja waya ya danna ƙarfen. Baba Audu ya zabura.

"Sake in ji." Ya sake. "Kai, naku a juye yake! Mu in mun matse, murya hawa take. Ku in kun danne sai ta sauka. Wane irin kiɗi ne wannan?"

Amma idonsa ya kawo ruwa. Daga ranar Sada ya zama ɗan gida. Duk sanda ya rufe shago sai ya biya, tsohon ya rera masa da baki, shi kuma ya bi da jita. In ya danna ƙarfen da ƙarfi wayoyin su kauce, sai ya tsaya ya sake ɗaure su, Baba Audu yana masa tsiya: "Ka gani, ita ma ba ta son gaggawa." A haka har ya koya masa taken Alhaji Babaji, wanda kalangu ke cewa: Babaji na Dije, rana ta fito, tashi ka ba gari nama.

Ana cikin haka magana ta kai kunnen Alhaji. Mutum ne mai kyauta, mai kuma taurin kai, in ya ce a'a sai Allah. Ya kira Inna Rakiya da Madina tsakar gida.

"Na ji wani mai kiɗi ke zuwa zaurena."

"Gyaran rediyo yake, Alhaji," in ji Inna. "Ɗan Malam Shehu ne, malamin makaranta. Kiɗan a gefe yake yi."

"Gefe ko tsakiya, kiɗi kiɗi ne. Mu fawa makaɗa ke bin mu, mu ke ba su. Tun kakanni haka yake. Ga Ashraf ɗan abokina mai fataucin shanu, yaro da shagonsa na kaji, ubansa ya yi mini magana. Ban ce dole ba, amma mai kiɗi kam a bar maganarsa."

Madina ta shige ɗaki. Saƙon da ta tura gajere ne:

"Baba ya ce a'a. Ka dakata da zuwa gida. Kar ka yi komai sai na ce maka, Inna tana lallaɓa shi."

Sada ya mayar:

"Kunnena, kar ki yi kuka. Ni na san abin da zai taɓa zuciyarsa. Ki bar mini."

Da ma ya ji maganarta. Amma saurayi in so ya kama shi, sai ya ga kamar shi ya fi kowa dabara. Sada ɗan malamin makaranta ne, ya iya taken fawa, al'adar fawa ce bai sani ba.

Aka tashi bikin ɗan wani babban mahauci, aka ɗauko su Sada su yi kiɗan zamani da yamma. Mahautan gari duk sun hallara a ƙarƙashin rumfa. Samarin makaɗa suka zaga da kalangu suna yi wa kowa takensa, mai take ya miƙe ya yi kyauta a yi ta shewa. Da suka iso kan Alhaji Babaji sai suka gaishe shi suka wuce, don kowa ya san takensa na Audu ne. Alhaji ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Nan Sada ya ɗaga wa abokansa hannu suka yi shiru. Ya ƙara wa lasifika murya, ya ja waya mafi kauri, ya kama ƙarfen nan a hankali yana raka muryar sama da ƙasa. Babaji na Dije, rana ta fito.

Wurin ya yi tsit. Carbi ya faɗi daga hannun Alhaji. Ya miƙe kamar wanda aka kira daga barci, ya ratso mutane har gaban Sada, hawaye suna bin gemunsa. Bai taɓa ganin fuskar yaron ba, bai san ko wane ne ba. Ya tuɓe babbar rigarsa, shuɗiya mai aiki har ciki, ya ɗora masa a kafaɗa. Mahauta suka ɗauki shewa. Sada ya rusuna har ƙasa, zuciyarsa fal murna, yana cewa a ransa shi ke nan an gama.

"Ɗan wa ne wannan?" Alhaji ya tambaya yana share ido.

Wani ya ce, "A'a, Alhaji, ba ka san shi ba? Ai shi ne mai neman Madina."

Alhaji Babaji ya tsaya cak. Ya juya ya fita daga shi sai 'yar ciki.

A gida ya ce wa Inna Rakiya, kuma ya ɗaga murya yadda Madina za ta ji: "Da can a'a ce mai gyaruwa. Yanzu na tuɓe masa rigata a gaban fawa kaf, ya karɓa ya rusuna. Wanda na tuɓe wa riga makaɗina ne. In ba shi ɗiyata, da wane ido zan shiga kasuwa?"

Washegari Ashraf ya zo zaure da ƙamshin turarensa. Ba mugun yaro ba ne, amma mai nema ne, kuma ya samu abin da yake so. Ya miƙa wa Madina wayarsa. Ga Sada nan a bidiyo, riga a kafaɗa, yana rusunawa yana washe baki, ana ta liƙa masa kuɗi a goshi.

"Na ga mutumin naki ya samu ubangida," in ji Ashraf. "Rigar kuwa mai tsada ce."

Madina ta mayar masa da wayar. "Na gani, na gode. Amma Ashraf, ko babu shi, kai ɗan'uwa na ɗauke ka. Kar ka ɓata lokacinka a kaina."

Ta shiga ciki ta yi kukanta, sannan ta rubuta wa Sada:

"Na ce ka dakata, ba ka ji ba. Ka je ka karɓi rigar roƙo a hannun ubana a gaban duniya, kana dariya. To ka samu riga. Allah ya sa ta yi maka daidai. Kar ka sake kira na."

Ya kira har ya gaji, ba ta ɗauka ba. Ya turo:

"Wallahi ban san abin da take nufi ba. Na zaci karɓa ta ya yi a matsayin ɗa. Ki yafe mini, Kunnena."

Ta karanta, ta kife wayar.

Kwanaki suka shuɗe. Ranar da aka saba kai wa Baba Audu saƙo ta zagayo, Madina ta ɗauki kwano ta tafi ba don ranta yana so ba. Tana shiga ta ga tsohon a kan tabarma, sanye da shuɗiyar rigar mahaifinta, ta yi masa yawa har tana ja a ƙasa. Gefe kuma ga Sada, ya rame, jita a cinya. Yana ganinta ya sunkuyar da kai.

"Shigo, ɗiyata," in ji Baba Audu. "Kin ga adona? Daga wurin bikin nan ya zo da ita a ninke, ya ce ladan wanda ya ƙirƙiro taken ce. Kuɗin da aka liƙa masa ma ga su can ƙarƙashin matashi. Ni na gaya masa ɓarnar da ya yi. Tun rannan ba ya cin abinci, ni kuma ya hana ni sakat da ajiyar zuciya."

Madina ta ajiye kwano. Ta daɗe tana kallon Sada.

"Kai dai wawa ne," in ji ta.

"Na yarda."

"Babban wawa."

"Shi ma na yarda, Kunnena."

Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye. Baba Audu ya ce, "To, tunda an shirya, yi mini taken nan in ji inda ka ɓata. An ce ka yanke masa ƙarshe."

Sada ya kaɗa. Tsohon ya girgiza kai. "Ba haka ba. Akwai 'yar karkarwa a ƙarshe, kamar mutum zai yi dariya ya fasa." Ya sake, bai samu ba. Ya sake, haka nan. Baba Audu ya fara huci, yana dukan tabarma.

Madina kuwa ba fuskarsa take kallo ba. Hannunsa na hagu take kallo, mai lafiyar, yadda yatsun suke matsewa suna saki a kan gwiwarsa, suna neman tsirkiyar kalangun da babu. Ta matsa ta jawo jitar kusa da shi, ta kama hannun tsohon ta ɗora a kan ƙarfen.

"Baba, hannun duka ne ya tafi. Na matsa yana nan. Sada ya ja maka waya, kai ka yi magana."

Baba Audu ya dubi ƙarfen, ya dube ta. Ya taɓa shi a tsorace. Sada ya ja waya, tsohon ya danna, murya ta zube ƙasa. "Kai, na manta a juye yake!" Ya sa yatsu biyu a ƙarƙashi ya ɗago. Murya ta hau. Ya sake ta a hankali, ya ɗan karkaɗa ta a ƙarshe.

Jama'a, ni dai ban san yadda zan kwatanta muku ba. Matar Baba Audu da ke wanke-wanke ta saki kwano ta shigo da gudu, hannunta duk kumfa. Tsohon ya yi taken ya ƙare, ya sake farowa, bakinsa a karkace yana dariya. "Alhamdu lillahi," yake ta cewa. "Ashe da sauran magana a hannun nan. Allah ya yi muku albarka, ku biyun nan."

Da Madina ta koma gida ta tarar da mahaifinta yana cin abinci. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, Baba Audu yana gaishe ka. Ya ce a gaya maka riga ta yi masa daidai, ya gode."

Alhaji ya tsaya da loma a hannu. "Wace riga?"

"Shuɗiyar. Ya ce kuma in kana son jin takenka daga hannun mai shi, gobe bayan la'asar yana nan."

"Ke, Audu ba shi da hannu."

"Ni dai saƙo aka ba ni, Baba."

Bai ce zai je ba. Amma washegari bayan la'asar sai ga shi a zauren Baba Audu, ya tsaya ya kasa shiga. Daga ciki take ya taso, ya zo ƙarshe ya yi 'yar karkarwar nan da babu wanda ya iya ta a duniya sai mutum ɗaya. Alhaji ya dafa bango. Sannan ya ɗaga labule.

Ya gan su kafaɗa da kafaɗa a kan tabarma, jita ɗaya a tsakaninsu, yaro yana jan waya, tsoho yana riƙe da ƙarfe. Baba Audu bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe.

"Audu."

"Na'am, maigida. Sai yau?"

"Ban iya ganinka haka ba ne, Audu. Wallahi ban iya ba."

"To ga ni ka gani. Rabi ya tahi, rabi na nan. Zamna, tabarmar ba ta cizo."

Alhaji ya zauna ya kama mataccen hannun nan ya riƙe. Sada ya so ya sulale, Baba Audu ya taka masa gefen wando.

"Rigata ce a jikinka," in ji Alhaji daga baya.

"Rigar mai take ce. Wa ya yi maka taken nan, ni ko yaron ga? Shi ɗan aike ne, an ba shi saƙo ya kawo."

"A gaban fawa ya karɓa."

"Kai ka ɗora masa. Da ya ture, da yanzu kana cewa ya wulaƙanta ka. Ni ne makaɗinka, Babaji, ban mutu ba, ban kuma sallame ka ba. Kar ka yi mini kishiyar sana'a ina raye."

Alhaji ya juya ga Sada. "Kai, mi ka je nema rannan?"

Sada ya durƙusa sosai. "Madina nake nema, Baba. Na zaci in kun ji za ku ji daɗi. Ban san al'ada ba, kuskure na yi."

"Ba ka san komi ba."

"Ban sani ba, Baba."

"Aski dai ya sani," in ji Baba Audu. "Shi ke yi mini. Shi ke kai ni masallacin Juma'a a keke mai ƙafa uku."

Alhaji ya saki hannun tsohon a hankali. Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sannan ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "A gaban fawa aka ɓata, a gabansu za a gyara. Ranar kasuwa ku zo rumfata, ku biyu, da wannan abin."

Haka kuwa aka yi. Da hantsi, layin 'yan nama na Babbar Kasuwa ya cika, sai ga keke ya tsaya. Aka sauko da Baba Audu cikin shuɗiyar riga, aka zaunar da shi a benci, Sada ya zauna a gefensa na hagu. Mahauta suka ajiye wuƙaƙe. Tsofaffin cikinsu da suka ji karkarwar nan sai suka hau kabbara, wani ya ce, "Wallahi Audu ne! Audu ya dawo!"

Alhaji Babaji ya yanko cinya guda, ya ɗora a faifai, ya ajiye a gaban tsohon da hannunsa.

"Jama'a, ku shaida. Ga makaɗina, tun muna samari shi ne, ba ni da wani. Rigata tana jikin mai ita. Wannan yaron kuwa ɗan Malam Shehu ne, gyaran rediyo yake. Hannu ya ara wa Audu."

Wani mahauci mai barkwanci ya ɗaga murya. "To, Alhaji, shi mai ba da aron hannun, mi za ka ba shi?"

Alhaji ya goge wuƙarsa a tsumma. "Shi abin da zan ba shi ba a bayar da shi a kasuwa. Shi turo manyansa gida."

Sada bai san lokacin da ya danne ƙarfen nan da gwiwar hannu ba. Jita ta yi wani irin ƙugi, wayoyin duk suka kauce, kasuwa ta fashe da dariya.

Bayan Sallah aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Ashraf ma ya zo, ya yi wa ango murna, ya ci nama ya tafi. Ana shafa fatiha saƙo ya shiga wayar amarya, tana zaune a tsakiyar ƙawaye hannu duk lalle:

"An ɗaura, Kunnena. Na gode wa Allah da ya ba ni ke. Na gode da kika gyara abin da na ɓata. Daga yau in kin ce in dakata, zan dakata."

Ta sa ƙawarta ta rubuta mata, saboda lalle:

"Za mu gani. Alhamdu lillahi, mijina."

Bayan an tare da ɗan lokaci, Madina ta ce tana marmarin farfesu, ta kuma ce sai ta raka Sada kasuwa. Suna shiga layin 'yan nama Alhaji Babaji ya hango su daga nesa. Mutumin da ba ya sunkuyar da kai ga kowa a layin nan, sai ga shi ya ajiye wuƙa da sauri, ya gyara hula, ya zagaya bayan rumfa wai zai duba wani abu.

"Ina Baba ya shiga?" Sada ya tambaya. "Ko har yanzu fushi yake da ni?"

Maƙwabcin rumfar ya tuntsire da dariya. "Fushi? Kai yaro, har yanzu ba ka san komi ba. Kunyarka yake ji. Surukinsa ya zo."

Madina ta ja gyale ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ita kanta ba ta san dariya take ko kuka ba. Daga bayan rumfa aka ji muryar Alhaji ƙasa-ƙasa yana cewa, "A zaɓa masu mai kyau. Ku ce masu Allah shi yi albarka."

Amin, ya Rabbi. Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuri'a mai jin magana, ya ƙara wa Baba Audu ƙarfin hannu. Mu ma da muka ga wannan alheri da idonmu, mun gode.